Daga Mazari Zuwa Gadon Amarya



Tun da yake hunturu ya kankama, har tsofaffi sun soma neman bakin murhu da asuba, yara kuma sun bar gardamar shiga ɗaki da wuri, na ga ya kamata zancenmu na yau ya tsaya a kan abin da kowa ke jawowa jikinsa da dare ba tare da ya tambayi inda ya fito ba, watau abin rufa da abin shimfiɗa, da sauran suturar da muke yi wa ɗakunanmu kamar yadda muke yi wa jikunanmu. Abin da ya jawo mini wannan tunani kuwa ba wani babban al'amari ba ne. Makon jiya ne uwargida ta buɗe tsohuwar adaka tana neman barguna, sai ga wani luru ya fito daga can ƙasa, fari mai ratsin baƙi, ya sha jiki, bakinsa ya fara zarewa, amma tsakiyarsa na nan daram, ko ka ja da hannu biyu ba ka jin alamar za ta ba da kai. Lurun kakata ne, Allah ya jiƙanta da rahama, da shi aka kai ta ɗakin miji. Ya rufe ta, ya rufe mahaifina yana yaro, ni ma na kwana cikinsa shekarun da nake wurinta. Kusa da shi kuwa ga bargon kanti mai hoton damisa, wanda sayensa bai fi shekara uku ba, tsakiyarsa ta riga ta yi sanƙo.

Wanda bai riski ɗakin matar Bahaushe na wancan zamani ba, la'alla ya yi zaton fanko ne, daga gadon kara sai tukwane. Alhali kuwa in ya ɗaga asabarin da ke bakin ƙofa ya shiga, ya dakata idonsa ya saba da duhu, zai tarar kusan kome da ke ciki, in ka ɗebe ƙorai da tasoshin jere, hannu ne ya saƙa shi ko ya ɗinka shi. Ga tabarmar kaba a ƙasa, wadda aka yi wa jan ratsi da karan dafi. Ga katifa da matashin kai da aka ɗura wa audugar rimi. Ga gwado shimfiɗe bisa gado, luru na naɗe wajen ƙafa yana jiran ɗari. Ga baƙin zane na rini rataye a igiya, ya raba gado da sauran ɗaki. Ba na cewa kowane gida ya mallaki waɗannan duka, don talauci ba yau aka fara shi ba, akwai wadda tabarma ɗaya ce gadonta, zanen da ta yini da shi kuma shi ne mayafinta da dare. Amma mai yawa da mai kaɗan, abin da ke ɗakinsu daga gonar garinsu ya fito.

To, kowane ɗaya daga cikin tufafin nan, in ka bi salsalarsa, sai ka ratsa hannuwa da dama kafin ka isa gonar auduga: ga maɗinkin da ya haɗa, ga mabugi, ga marini, ga masaƙi, sa'an nan daga can ƙurya, inda baƙo ba ya shiga, ga wata mace zaune da mazari. A kanta nake so in daɗe, domin ita ce ba a ambata in ana yabon sana'a, kuma a ganina ranar da ta ajiye mazarin nan ne luru ya kwanta ciwon ajali.

Kakata takan fara da gurza tun da hantsi, bayan an yi shara an ɗora sanwa. Ta ɗebi auduga 'yar kaɗan ta aza bisa magurji, ta danna siririn ƙarfe a kai ta mirgina shi da tafin hannu biyu, sai ka ga angurya na tsalle gaba ɗaya bayan ɗaya, farar auduga ta rage a baya. Anguryar ma ba a zubarwa, ta iri a keɓe, saura na shanu. Daga nan sai shiɓa, da ɗan baka kamar na wasan yara, tana fizgar tsarkiyarsa cikin audugar har ta tashi ta yi kamar kumfa. Kaɗin kansa sai dare, bayan lisha, sa'ad da gida ya yi tsit, aka kunna aci-balbal, mu kuma muka kewaye ta muna roƙon tatsuniya. Ta naɗa audugar a ɗan kara ta ɗaga da hannun hagu, ta dangwali alli da yatsun dama don kada zufa ta sa su santsi, ta murza mazari, gululunsa na yumɓu na juyi cikin ɗan ƙoƙo yana wani siririn kuka; hannun hagun nan ya yi ta yin sama, zare na fitowa daga cikin audugar kamar da ma can yana ɓoye a ciki, har hannu ya kai iyakarsa, ta sauke, ta naɗe a jikin mazari, ta sake murzawa. Duk wannan ba ta duban hannunta, bakinta na kan Gizo da Ƙoƙi. In zare ya tsinke ta haɗa bakinsa ta murje, tatsuniya ba ta tsaya ba.

Zare iri biyu take yi, bambancinsu kuwa shi ne asirin luru. Akwai siriri mai tsananin murɗi, wanda zai jure ja, shi masaƙi ke miƙewa a tsaye. Akwai kuma abawa, mai kauri, mai sakin jiki, wadda ba a matsa mata murɗi ba, ita ce ke ratsawa a kwance. Abawar nan, da yake ba a matse take ba, iska na maƙalewa a tsakanin gashinta, iskar da ta maƙale kuwa ita ke tsare ɗumin jiki kada ya fita. Shi ya sa luru ke da ɗumi cikin ɗari, ba ya kuma jiƙa mutum da zufa in gari ya sassauta. Ranar kasuwa ta ba yarinya ko dillaliya ta kai, kuɗi ya dawo hannunta, nata ne halak malak, shari'a ba ta ba miji ko anini a ciki ba. Da shi take zubin adashi, da shi take tara tasa da kwano da zane tun 'yarta na goye, saboda ranar jere. Matar kulle ta wancan zamani, wadda wasu ke zato zaman banza take yi, ita ce ke riƙe da gindin sana'ar da ta fi kowace girma a ƙasar Hausa bayan noma.

Masaƙi kuwa galibi manomi ne, sai an kai amfani gida, rani ya shiga, sa'an nan ya kafa masaƙarsa gindin bishiya ko cikin rumfa, su uku su huɗu a jere. Kafin ya zauna sai ya yi wadari, watau ya kakkafa turaku a fili ya riƙa kai da kawowa da zare a tsakaninsu har ya sami tsawon da yake so, ya naɗe, ya ɗora a kan kunkuru, ya danne da dutse can nesa gabansa yadda zaren zai miƙe. Yana saƙa yana naɗe abin da ya saƙa, kunkurun na jan ciki yana matsowa sannu sannu, wanda ya ga tafiyarsa ba ya tambayar dalilin sunan. Ƙafafunsa biyu na taka igiyoyin allira, wannan ta ɗaga rabin zare waccan ta sauke, ƙoshiya mai ɗauke da kwarkwaron abawa ta kutsa ta tsakani, ya jawo matsefi ya doke, ya sauya ƙafa, ta komo.

Abin da ke fita daga masaƙar maza ba faffaɗan yadi ba ne, ƙwarya ce doguwa, wadda sai an yanyanka an jera an ɗinke gefe da gefe. Turkuɗin da garin Kura ya yi suna da shi, wanda Buzaye ke naɗawa, ƙwaryarsa ba ta fi faɗin yatsa ba. Ta luru kuwa takan kai taƙi ko ta ɗara. A nan ne gwaninta take. Domin adon da ke jikin luru, ratsi ne ko wani zane mai kusurwa wanda ake tsarawa da yatsa sili bayan sili, ba ya cika a ƙwarya ɗaya, sai an jera su, ratsin wannan ya sadu da ratsin waccan, sa'an nan sura ta bayyana. Alhali shi masaƙin bai taɓa ganinsu a jere ba sa'ad da yake aiki, taƙi ɗaya ne a gabansa, saura duk a naɗe. Abin da yake da shi ɗan kara ne wanda ya yi wa tsaga yana aunawa, da lissafin da ke cikin kansa, da hannun da ya san ƙarfin dukan yau dole ya yi daidai da na shekaranjiya. In ya sassauta da la'asar saboda gajiya, ranar ɗinki asirinsa zai tonu, ratsi ya haura ratsi, mai saye ya hango daga nesa. Na shimfiɗa lurun kakata a tsakar gida na bi shi ratsi ratsi, wuri ɗaya tak na sami saɓani, shi ma sai da na durƙusa. Wannan ilmin hisabi ne da handasa, ko da mai shi bai taɓa buɗe littafinsu gaban malami ba.

Baƙin da ke cikin ratsin nan kuwa daga marina ya fito, tun yana zare. Baba ne, ganyen da ake nomawa a yanka a daka a shanya. Marini ya zuba shi cikin karofi, rami mai zurfin gaba biyu ko fiye wanda aka shafe cikinsa da laso, ya haɗa da toka da katsi, ya rufe, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana zuwa yana motsawa da doguwar muciya, har kumfa mai ƙyalli ta taso, wari ya cika unguwa. Wanda bai taɓa tsayawa bakin karofi ba ya rasa ganin wata aya daga ayoyin Ubangiji: a tsoma farin zare, a ɗago shi kore-kore kamar ruwan kududdufi, sa'an nan kana kallo, iska na bugunsa, ya rikiɗe ya koma shuɗi a hannun marinin. Masu ilmin kimiyya sun ce launin baba ba ya narkewa cikin ruwa sai ruɓar nan ta sauya shi, in ya shiga zare ya sha iska sai ya koma halinsa na fari, ya maƙale. Marini bai san wannan ibara ba, amma ya san sau nawa zai tsoma ya shanya kafin shuɗi ya zama baƙi. Ko dagwalon da ya kwanta a gindin karofi ba ya tashi a banza, shi ake kwasa a ƙona ya zama katsi, katsin ya koma cikin sabon rini, ya shiga laso a shafe soro da shi. Labule da zanen rufa kuwa bayan saƙa ake rina su, sa'an nan a kai mabuga a yi ta dukansu bisa gungume har su yi sheƙi.

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan 'yar sana'ar ƙauye ce ta rufin asiri. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda har gobe ake aiki a cikinta, masu ita suna kai tarihinta ga shekarar 1498, watau ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma aka jingina wa kafa kasuwar Kurmi. Karofi ya yi yawa a ƙasar Kano har sarakuna suka sa masa haraji nasa na kansa, kuɗin karofi. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, da ya sauka Kano a 1851 ya rubuta nisan da tufar Kano ke kaiwa: arewa har Murzuk da Gat da Tarabulus, yamma har Tumbutu, inda ya ƙiyasta ana kai aƙalla kayan raƙumi 300 a shekara. Fatakenmu na Gwanja ma da tufa suke tafiya Salaga su komo da goro. Kowane ƙunshi a bayan raƙuman nan, in ka kwance shi ka warware, dararen waɗansu mata ne a gaban fitila.

Malamai ma ba su ɗauki al'amarin da wasa ba. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddini, ya lissafa saƙa cikin tushen sana'o'in da zaman duniya ba ya daidaita sai da su, tare da noma da gini da siyasar jama'a, ya kuma sa ta cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, in kuwa gari ya taru ya bari, laifi ya hau kan kowa. An ma ruwaito cewa mahaifinsa kaɗin ulu yake yi yana sayarwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a ya zaunar da su a garuruwa da ƙauyuka, ya ambaci marina da maɗinka a cikinsu. Duk da haka, gaskiya ɗaya ce, mu Hausawa ba mu ba masaƙi girman da littafi ya ba shi ba. Mukan yaba riga mu raina wanda ya saƙa ta, marini kuma a yi masa ba'a da baƙin hannu. Rainin nan yana cikin abin da ya sa 'ya'yansu, da suka sami wata ƙofa, ba su waiwayo ba.

Ba maza kaɗai ke saƙa ba, mata na da tasu masaƙar, a tsaye, jingine da bango cikin gida, mai fitar da faffaɗan ƙyalle gaba ɗaya, da ita ake yin gwado da majanyin goyo. In ka haura Nijar kuwa, Zabarmawa na da tera-tera, bargon aure mai launi iri-iri wanda har yanzu ake sa wa amarya cikin kaya. Can Masina ta ƙasar Mali, masaƙan Fulani na yin arkilla, wani dogon labule mai nauyi na ulu wanda ake ratayawa a kewaye gadon amarya, ya tsare sanyi ya tsare sauron bakin kogi. Abin lura a nan shi ne aure ke riƙe da su: inda uwar amarya ke jin kunyar kai 'yarta ba tera-tera, masaƙin tera-tera bai rasa abin kai wa bakin salati ba.

To, mu fa, me ya sami namu? Mutane sukan ce zuwan Turawa ne ya kashe saƙa, amma maganar tana bukatar tafsili. Gaskiya ne masu masaƙun Ingila sun kafa ƙungiya a 1902 don neman audugar da za ta ciyar da injunansu na Lankasha, gaskiya ne kuma cikin dalilan da suka sa aka ja hanyar jirgin ƙasa har ta iso Kano a 1911 akwai kwaɗayin audugar ƙasar Hausa. Amma da jirgin ya zo, sai aka tarar masaƙanmu na sayen auduga a kasuwa da tsadar da ta fi wadda Bature ya yanka, manomi kuwa ba ya ƙin riba. Auduga ta tsaya a gida, jirgi ya koma da gyaɗa. Ashe ke nan a karon farko masaƙi ne ya yi rinjaye. Abin da ya ci shi daga baya a hankali ya zo, kamar cin gara. Akoko da alawayyo da atamfa suka yi ta araha a kanti. Baban Turawa, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa tun 1897, ya shigo cikin gwangwani. Aka kawo irin audugar Amurka, aka kakkafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, auduga ta riƙa wucewa daga gona zuwa sikeli ba ta biya ta tsakar gida ba. Sa'an nan a 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna, waɗansu suka biyo baya, zaren inji ya cika kasuwa, sumul, ba kauri ba sirantaka, ga araha.

Masaƙi ya karɓi zaren inji hannu bibbiyu, ba kuwa zan zarge shi ba, don ba ya tsinkewa, ba a kuma jiransa. Marini ma ya ci gaba da rini, ya koma kan shadda da farin yadi. Wadda aka bari a baya ita ce mai mazari, domin masaƙi ɗaya yakan cinye cikin yini guda zaren da mata da yawa suka kwana suna kaɗawa, ladan da ake ba ta kuwa da ma can ba shi da inda zai sauka ya yi gogayya da inji. Ta ajiye mazari ta kama ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da abincin sayarwa, 'yarta ta tashi ba ta koya ba, jikarta ba ta san sunan gululu ba. Ba a yi shela ba, ba wanda ya rubuta ranar, don abin da ke faruwa bayan zaure ba ya shiga jarida. Yau in an tashi kukan sana'ar gargajiya sai a nufi Ƙofar Mata a ɗauki hoto, a ƙirga ramukan da shara ta cike, abin baƙin ciki ne kuwa. Amma karofi ana iya yashe shi a zuba baba, yatsun da suka san murza abawa kuwa, in ƙasa ta rufe su, ba wanda zai yaso su. Daga baya masaƙun Kaduna su ma suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kayan Sin suka cika Kantin Kwari, wanda ya kori mai mazari shi ma aka kore shi.

'Yan shekarun baya na so in sa wa 'yata luru cikin kayan ɗakinta. Na yi ta cigiya har aka haɗa ni da wani mai sayarwa, ya rantse mini saƙar hannu ce, bai kuwa yi ƙarya ba, don ga ɗinkin ƙwarya nan, ga ratsi ya sadu da ratsi. Sai da na kai gida na shafa shi a natse na ga inda gizo ke saƙa: tsayensa da kwancensa duk zaren inji ne, shafal, sanyi ƙalau a hannu, baƙinsa kuma wankin farko ya bi ruwa ya ɓata farin. Na koma ina faɗa, mutumin ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Alhaji, in ka samo mini tsohuwar da za ta kaɗa abawar luru guda, ka kuma yarda ka biya ta kwanakin da ta yi, ni zan kai wa masaƙi da kaina, la'adata ma na yafe." Na yi shiru, domin na san yadda na taya lurun nan, na kuma san da ya faɗi ninkinsa uku, da na juya na nufi kanti.

Amsar nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, don ta juyo da tuhuma kaina. Ba rashin kuɗi ne ya hana mu ba, duk wanda ya ga jeren amaren yanzu ya san haka: uba ya sayar da gona, uwa ta ci bashi, a cika ɗaki da kujeru da labule mai hawa uku da kafet daga bango zuwa bango, da tarin zannuwan gado waɗanda rabinsu ba za a taɓa cire musu leda ba, israfin da malamai suka gaji da wa'azi a kansa, a cikin wannan duka a rasa wurin sa abu ɗaya da aka yi da hannu a garinmu, wai kada dangin ango su ce kayan ƙauye. Alhali kuwa mutumin da ke jin ƙyashin biyan mai kaɗi, shi ne zai zare kuɗi masu kauri ya sayi hular da aka yi makonni ana ɗinka ta da allura, ya ba mai aikin wuyan riga abin da ya yanka ba gardama, domin hula da riga ana fita da su masallaci da ɗaurin aure, jama'a su gani, luru kuwa bayan labule yake, daga kai sai iyalinka sai Ubangijinka. Ni ba na cewa a kashe inji a koma aci-balbal, mai faɗin haka bai taɓa kwana yana kaɗi ba. Amma ina jin nauyi in na tuna cewa irin lurun nan ne baƙi daga Turai da Amurka ke bi kasuwa suna tsinta, tsofaffinsa ma suka fi so, su kai gidajen tarihi su rataya bayan gilashi, mu kuma muna kwana cikin damisar kanti.

Shekaranjiya wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda yaran unguwa duk ke ce wa Iya, ta shigo gaisuwa ta tarar da lurun kakata a shanye bisa igiya. Ba ta dubi adonsa ba, bakinsa ta kama inda ya zare, ta zaro silin abawa ɗaya ta murza tsakanin yatsunta, ta ce mai wannan kaɗi ba ta da gaggawa. Na ce, "Iya, ko ke ma kin taɓa?" Ta ce mazarinta na nan cikin wata tsohuwar tasa, magurjin ne jikoki suka mayar dutsen fasa gyaɗa. Na ce idon fa? Ta yi dariya ta ce ai kaɗi ba da ido ake yinsa ba. Na tambaye ta abin da za ta karɓa a kan abawar luru guda, ta faɗa, ya fi kuɗin bargon damisa sau da yawa, na buɗe baki zan taya, na tuna da mutumin nan na kasuwa, na rufe. Na aika ƙauye a samo mini audugar da ba ta shiga inji ba. Ta ce in ce musu su haɗo da alli, kuma kada in zo ina tambayarta kafin azumi.